Me Ya Sa Sari da Shalwar Suka Ƙi Barin Jikin Mutanen Kudancin Asiya?

Wata baiwar Allah ta aiko da tambaya tana cewa ta lura, a wajen aikin Hajji da kuma a labaran talabijin, cewa mutanen Indiya da Pakistan da Bangladash suna sanya tufafinsu na gargajiya a kasuwa da ofis da gona, ba sai ranar biki ko ranar Sallah ba. Tana so ta san abin da ya riƙe su ga waɗannan tufafi alhali kayan Turawa sun cika duniya, kuma tana so ta ji ko za su dace da ita idan ta mayar da su suturarta ta yau da kullum.

Malama, kafin komai ya kamata a ajiye hoton da finafinan Indiya suka dasa mana a zuciya, domin silikin nan mai nauyi da aka yi wa ado da zaren zinari kayan amarya ne da 'yan rakiyarta, kuma matar da za ta fita aiki da safe a Kolkata ko Lahor ba shi take ɗauka ba. Abin da ake sawa kullum yawanci auduga ce mara nauyi, wadda ta sha wanki har ta yi laushi, kuma duk wanda yake son gane farin jinin waɗannan tufafi, a kan wannan audugar ya kamata ya tsayar da idonsa. A fahimtata, bayan shekarun da na yi ina nazarin yadi da ɗinki, sirrin yana cikin yadda aka tsara su tun asali: ba a yanka su a kan awon jikin mutum ɗaya, yadi ne wadatacce ake ba shi, shi kuma ya ɗaure ya sassauta gwargwadon aikin da ke gabansa da zafin ranar da ya wayi gari a cikinta.

Tufafin yankin sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda allura ba ta taɓa su ba, kamar sari na mata da doti na maza, tare da lungi wanda ɗanjuma ne da ɗanjummai da zanen da maza ke ɗaurawa a gida, sai dai a Bangladash ana haɗe bakinsa biyu da ɗinki ya zama kamar buhu mara gindi. Wannan gida shi ne mafi tsufa, domin mutanen kwarin kogin Indus sun san noman auduga da kaɗi da saƙa fiye da shekaru 4000 da suka wuce, kuma an tono guntun ƙyallen auduga a kufan birnin Mohenjo-daro da ke lardin Sindh na Pakistan. Gida na biyu shi ne na ɗinkakkun kaya, wato wandon da ake kira shalwar, da dogayen rigunan da ake kira kamis da kurta, waɗanda suka yi ƙarfi ta hanyar hulɗa da Farisa da tsakiyar Asiya, musamman bayan kafuwar daular Mughal a 1526. Kalmar shalwar kanta daga Farisanci take, kamis kuwa mai karatun Larabci zai gane ta nan take.

Dalili na farko da ya sa ba a rabu da su ba shi ne zafi, kuma wannan ba ya buƙatar dogon bayani ga wanda ya san bazara. A watannin Mayu da Yuni zafin Delhi yakan wuce digiri 45, a Jacobabad ta Pakistan kuwa an sha ganin ya haura 50, sannan daga Yuni zuwa Satumba damina ta sauka da gumi mai maƙo wanda ba ya bushewa a jiki. Jikin ɗan Adam yana sanyaya kansa ne ta hanyar zufa, amma zufar ba ta amfani sai ta bi iska, saboda haka rigar da ta manne wa fata tana toshe wannan hanya. Auduga tana tsotse zufa ta shimfiɗa ta a faɗin yadin, faɗin rigar kuma yana sa duk takun da mutum ya yi ya kaɗa iska tsakanin yadi da fata, ga shi an rufe jiki daga ƙunar rana. Kamis tana da tsaga a gefe biyu daga ƙugu zuwa ƙasa, kuma wannan tsagar, wadda wasu ke ɗauka kwalliya ce, ita ce ƙofar da iska ke shiga, ita ce kuma take ba ƙafa damar buɗewa.

Idan kika sami shalwar wadda ba a zura wa zariya ba, ki shimfiɗa ta a kan tabarma ki duba. Ƙugunta yakan kusan ninka ƙugun mai ita sau biyu, har mutum ya yi zaton na wani ƙato ne, hantsarta ta sauko ƙasa sosai, sai a idon sawu ne take tsukewa, inda ake yi mata ɗinki mai tauri layi-layi don bakin ƙafar ya tsaya. Da zarar an zura zariya a ƙubaka an ja, duk wannan yalwar sai ta tattaru ta zama ninki-ninki mai sauka daga ƙugu, kuma babu wata gaɓa ta jiki da ɗinki yake danna wa. Dattawanmu da suka san wando buje ba za su ga baƙon abu a nan ba. Amfanin wannan yanka yana bayyana ne a irin zaman da mutanen yankin suke yi, domin har yau miliyoyinsu a ƙasa suke cin abinci, a tsugune suke girki da wanki da kama ruwa, kuma Musulminsu suna ruku'u da sujada da zaman tahiya sau biyar a yini. Wandon da aka yanka don zaman kujera yakan matse cinya ya ja baya idan aka tanƙwashe ƙafa, shalwar kuwa ko a jikinta. Haka nan mace mai juna biyu ko mai shayarwa, ko wanda ya yi ƙiba bayan rama, ba ya komawa wajen tela, zariyarsa kawai zai sassauta.

Lungi ya fi shalwar ma sauƙin kai. Mai tuƙa keken fasinja a Daka, babban birnin Bangladash, zai tattare shi ya soke a ƙugu idan ruwa ya cika titi, ya sake shi idan ya fito tudu, da dare ya kwana da shi, da safe ya wanke shi ya bushe kafin ya gama karin kumallo. A jihohin Kerala da Tamil Nadu na kudancin Indiya maza suna ɗaura farin zane da ake kira mundu ko veshti, suna naɗe shi zuwa gwiwa lokacin aiki, amma idan babba ya tunkaro ko za a shiga wurin ibada, sai mutum ya sa hannu ya warware naɗin ya sauka har idon sawu. Wannan ɗan motsi na hannu gaisuwa ce a wurinsu, kamar yadda yaro yake cire takalmi ya durƙusa a gaban dattijo.

Sari ya cancanci a daɗe a kansa, domin shi ne abin da ya fi ba baƙo mamaki. Yadi ne guda ɗaya wanda tsawonsa ya kai kimanin mita biyar da rabi, faɗinsa ya ɗan haura mita ɗaya, ko da yake a jihar Maharashtra akwai mai yadi tara wanda ake ratsawa tsakanin ƙafafu a soke a baya, ya zama kamar wando, kuma da shi mata suke noma da sayar da kifi. A ɗaurin da aka fi sani, mace tana soke bakin yadin a cikin fatari, ta zagaye ƙugu sau ɗaya, ta tara ninki shida ko bakwai da yatsun hannu ɗaya ta soke su a ƙasan cibiya, sannan ta ratsa ragowar ta ƙirji ta yafa shi a kafaɗar hagu. Wadda ta saba tana gama wannan cikin 'yan mintuna ba tare da madubi ba. Wannan ragowar da ke lilo a baya ana kiranta pallu, kuma aikinta ya fi ƙarfin ƙirga: da ita ake rufe kai a gaban suruki ko a rana tsaka, da ita ake sauke tukunya daga wuta, a share wa yaro hawaye, a lulluɓe jariri lokacin shayarwa, a ƙulle 'yan canji da makullan gida a bakinta. Idan aiki ya yi aiki sai a zagayo da ita a soke a ƙugu, kuma duk ɗan gidan da ya ga uwarsa ta yi haka ya san yau babu wasa.

Tun da sari ba shi da lamba, wanda uwa ta ɗaura shi 'yarta za ta ɗaura, maƙwabciya ta ara, a ba da shi kyauta ba tare da an tambayi awon kowa ba. Idan ya tsufa, matan Bengal, yankin da ya haɗa Bangladash da wani ɓangare na gabashin Indiya, suna jera tsofaffi huɗu ko biyar su bi su da ɗinkin hannu su zama mayafin kwanciya da ake kira kanta, wanda a cikinsa ake naɗe jarirai saboda laushinsa. Har a fannin lafiya tsohon sari ya yi rana. Wani bincike da masaniyar ƙwayoyin cuta Rita Colwell da abokan aikinta suka wallafa a 2003, daga ƙauyukan yankin Matlab na Bangladash, ya nuna cewa tace ruwan sha da tsohon sari da aka ninka sau huɗu ya rage kamuwa da kwalara da kusan rabi, domin wanki yana sa zaren ya buɗe ya toshe ƙananan ƙofofin saƙar, su tare ƙananan halittun ruwa da ƙwayar cutar ke maƙalewa a jikinsu.

Ya kamata in faɗa miki wani abu da masu cewa gargajiya ba ta sauyawa ba su cika ambata ba. Ɗaurin sari da duniya ta sani a yau, tare da 'yar rigarsa da fatarinsa, bai kai shekaru 200 ba. A shekarun 1860 ne Jnanadanandini Devi, matar yayan marubucin nan Rabindranath Tagore, ta zauna a Bombay, wato Mumbai ta yau, tare da mijinta wanda ma'aikacin gwamnati ne, ta ga yadda matan al'ummar Parsi suke ɗauri, ta gyara shi ta kai Kolkata domin matan Bengal su sami shigar da za su fita da ita cikin jama'a. Kafin wannan, kowane yanki da kowace sana'a suna da nasu ɗaurin, kuma masu bincike sun tattara sama da iri 100. Tufafin da suka rayu a yankin nan sun rayu ne saboda sun yarda a taɓa su, kuma haka abin yake tafiya har gobe.

Sai dai sauƙi a jiki kaɗai ba ya isa ya riƙe sutura, domin akwai ƙasashe masu zafi da yawa da suka watsar da nasu kayan suka rungumi kwat. Abin da ya bambanta Kudancin Asiya shi ne yadi ya shiga cikin gwagwarmayar neman 'yanci tsamo-tsamo. A ƙarni na 17 da na 18 yankin ne yake tufatar da babban ɓangare na duniya, kuma lallausan yadin Daka ya yi suna saboda rashin kaurinsa. Kayan Indiya sun mamaye kasuwar Ingila har majalisar ƙasar ta kafa dokoki a 1700 da 1721 don taƙaita shigarsu. Bayan masaƙun injin na yankin Lancashire da ke Ingila sun kafu, sai reshe ya juye da mujiya, auduga ta riƙa fita ɗanya tana dawowa yadi, masaƙan gida da yawa suka rasa abin yi. Daga 1905, lokacin da Turawa suka raba Bengal, aka fara ƙaurace wa yadin waje, sannan Mahatma Gandhi, jagoran neman 'yancin Indiya, ya ɗauki kaɗin hannu da yadin da ake kira khadi ya mayar da su alamar tafiyar. A Satumban 1921, a birnin Madurai, ya tuɓe sauran kayansa ya koma ɗaura ɗan guntun doti irin na talakan ƙauye, kuma da wannan shigar ya shiga Buckingham, fadar sarkin Ingila, a 1931. Tun daga nan ɗan siyasar Indiya da ke neman ƙuri'a ya san farar kurta ce rigar aikinsa. Tsohuwar Firaministar Indiya Indira Gandhi ta riƙa ɗaura sari na saƙar hannu daga jihohi daban-daban, Mamata Banerjee, 'yar siyasar jihar Bengal ta Yamma, kuwa an san ta da farin sari na auduga mai siririn baki.

A Pakistan ma hakan ta faru ta wata hanyar. Zulfikar Ali Bhutto, wanda ya shugabanci ƙasar, ya riƙa hawa dandamali a shekarun 1970 cikin shalwar da kamis irin na talakawa, a lokacin da manyan ma'aikata suke ganin kwat ce shigar mai ilimi, sannan a farkon shekarun 1980 gwamnatin Janar Ziya'ul Haq ta shigar da su ofisoshin gwamnati. Sakamakon haka, a yau minista da direbansa suna iya fitowa cikin yanka iri ɗaya, bambancin yana cikin tsadar yadi da kyan guga. Wannan martaba ba ta samu a ɓagas ba, kuma har yanzu ana kare ta. A 2014 wani kulob a birnin Chennai na Indiya ya hana alƙalin babbar kotu shiga saboda yana sanye da veshti, majalisar jihar Tamil Nadu ta kafa doka a wannan shekarar da ta haramta irin wannan hani. A 2024 masu gadin wani katafaren kanti a Bengaluru suka tare wani manomi saboda dotinsa, hukuma ta rufe kantin na mako guda.

Akwai kuma dalilin aljihu da na tela. A Pakistan, da zarar sanyi ya fara ja da baya, kamfanonin yadi suke fitar da sababbin zane na lallausar audugar da suke kira lawn, ana sayar da ita a ƙunshi mai kashi uku, na riga da na wando da na gyalen da ake kira dupatta, ba tare da an ɗinka ba. Mace ta kai wa telan unguwarsu, ta faɗa masa irin wuyan da take so da tsawon hannu, ya ɗinka mata daidai jikinta a farashin da mai matsakaicin hali zai iya biya. Duk wadda ta taɓa zaman jiran ɗinkin Sallah ta san sauran labarin, domin telolin Lahor da Karaci ma suna daina karɓar aiki tun azumi bai yi nisa ba. A Indiya kuwa ƙidayar gwamnati ta 2019 zuwa 2020 ta nuna mutum kusan miliyan uku da rabi suna cin abinci daga saƙar hannu, mafi yawansu mata, kuma kowane gari da abin da ya shahara da shi, kamar surfanin chikan na Lucknow, da rinin ajrak na Sindh a tsallaken iyaka, da saƙar jamdani ta Daka wadda hukumar UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun duniya a 2013.

Ba zan ɓoye miki ɓangaren da ba shi da daɗin ji ba. A biranen Indiya yawancin maza sun koma shat da wando tun tuni, kurta ta zama ta Juma'a da biki da zaman gida, saboda haka nauyin riƙe gargajiya a jiki ya fi faɗawa kan mata, kuma ba kowace mace ce ta zaɓi hakan da kanta ba. Sari ma yana ja da baya a matsayin kayan kullum a wurin 'yan mata masu zuwa jami'a da ofis, domin hawa bas mai cunkoso da yadi mita biyar da rabi ba ƙaramin aiki ba ne, ga sitati da guga da sari na auduga yake nema kafin ya yi kyau. Abin da ya ci kasuwarsa shi ne shalwar da kamis, wanda ya fito daga Punjab ya bazu har kudu, da kuma gajeriyar kurta da ake sawa a kan jins. Talaka kuma ba kullum yake samun audugar da na yaba ba, domin sari mafi araha a yau na roba ne daga masaƙun birnin Surat, ba ya buƙatar guga, yana bushewa da wuri, amma yana riƙe zafi, kuma idan ya kama wuta a madafa narkewa yake yi a kan fata. Hatsarin yadi mai lilo a kan babur sananne ne har dokar Indiya ta wajabta sanya wani ƙarfe mai raga a gefen tayar baya don kada sari ya naɗe.

Game da ko za su dace da ke, amsata ita ce shalwar da kamis za su dace ba tare da wata wahala ba, kuma ba baƙi ba ne a wurinmu, tun da riga da wando 'yan Pakistan sun daɗe a kasuwanninmu da akwatunan lefe. Sari kuwa ba na ba ki shawarar ki mayar da shi na kullum, sai idan kina da wadda za ta zauna ta koya miki har hannunki ya faɗa, kuma ɗaurinsa da aka saba yana barin wani ɓangare na ciki da baya a buɗe, don haka matan Musulmi da yawa a Bangladash suke haɗa shi da riga mai dogon hannu su ja pallu su rufe kai da ƙirji. Wadda ta iya ɗaurin lafaya ta riga ta mallaki kusan duk amfanin da ke cikin sari, tare da suturar da ta fi dacewa da idon mutanenmu.

Idan za ki saya, ki ba yadi muhimmanci fiye da kwalliyar wuya, domin yawancin ɗinkakkun da ake shigowa da su masu duwatsu da walƙiya roba ce zalla, kuma a watan Afrilu za ki yi da-na-sani. Ki roƙi mai shago ya zare miki zare ɗaya daga bakin yadin ki ƙona shi. Auduga tana ci da wuta kamar takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa tana narkewa ta dunƙule ta zama ɗan ƙwallo mai tauri. Ki ɗaga yadin ki duba shi ta hasken rana, domin lawn mai haske yakan nuna jiki, sai an yi masa shafi ko an sa shimi a ciki. Kafin ki kai wa tela ki jiƙa shi ya kwana a ruwa ki shanya a inuwa, saboda auduga tana tsukewa a wankin farko, kuma ki ce masa kada ya rage faɗin ƙugun wandon don tattalin yadi, ya kuma sa miki aljihu a ɗinkin gefen riga, wanda na maza suke da shi amma ake hana na mata. Dupatta takan kai mita biyu da rabi, saboda haka duk lokacin da za ki hau babur ko a-daidaita-sahu, ki tattaro bakinta biyu ki riƙe a cinya kafin direba ya ja.